Dan Allah yaya ake ajiye bishiyar dangantaka a fayil cikin R?

Dalibi daga Jahun:
Slm 'yan uwa. Ina aikin furojet ne kan dangantakar irin gero da maiwa da na karɓo samfurinsu wajen manoman ƙauyenmu, na haɗa bishiyar (zanen rassa mai nuna dangantakarsu) a manhajar lissafi ta R da ape, wato ƙunshin R na irin wannan aiki, ta fito tsaf, to matsalar kullum in na kashe laftof sai na sake lissafin daga farko, ga wuta ba ta zama a nan, sai na kai caji shagon mai sola a kasuwa. Na gwada write.csv ya ƙi sam. Ya zan yi?

Malama daga Ringim:
Wslm ƙanena. Ai write.csv na tebur ne, ita kuwa bishiya a ape ba tebur ba ce, jeri ne mai ɗauke da rassa da tsawonsu da sunayen irin. Rubuta write.tree(bishiya, file="gero.txt") shi ke nan. In ka buɗe fayil ɗin layi ɗaya za ka gani kamar haka:
((gero:0.1,maiwa:0.2):0.05,dawa:0.4);
Baka-biyun na nuna su waye 'yan ɗaki ɗaya, lambobin kuma tsawon reshe ne. Newick ake ce wa tsarin, sunan wani gidan abinci ne a Amurka inda masana suka zauna suka amince da shi a 1986. Gobe in ka kunna sai read.tree("gero.txt") ta dawo maka da ita.

Wani daga Dambatta:
Gaskiya Malama ta gama magana. Ni dai abin da ya taɓa cina, na buɗe fayil ɗin a Notepad zan gyara suna na goge wannan ; ta ƙarshe ban sani ba, wlh kwana biyu ina fama read.tree ya ƙi karantawa, kar ka taɓa ta. Kuma in sunan irinka na da tazara kamar "farin gero" zai koma farin_gero, daga baya in za ka haɗa da teburin bayananka sai ka ga ba su yi daidai ba, gara ka gyara sunayen tun yanzu. In malaminka Nexus yake so, wato wani tsarin ajiye bishiya daban, akwai write.nexus, manhajar kallon bishiya ta FigTree na buɗe duka biyun.

Dalibi daga Jahun:
Ya yi, ba kuskure ko ɗaya, amma na duba ban ga fayil ɗin ba.

Malama daga Ringim:
Buga getwd() zai nuna maka foldar da ya shiga. Ka tura wa kanka kwafi a imel in ka samu sabis.

Dalibi daga Jahun:
Na gan shi a Documents. Na gode ƙwarai Malama, Allah ya saka da alheri.