Daga wayarin zuwa zanen lantarki a kwamfuta: ta ina zan fara?

Mai Wayarin:
Assalamu alaikum. Sana'ata wayarin ɗin gidaje da ƙananan masana'antu, ina kuma karɓar kwangila. Ina karanta zane in aiwatar, amma ban taɓa yin nawa a kwamfuta ba. Yanzu ina son komawa ɓangaren tsarawa. Wace manhaja zan fara koya, AutoCAD ko Revit? Bayan iya manhajar kuma, me masu ɗaukar aiki ke dubawa?

Mai Zane:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara da AutoCAD zalla, domin yawancin masu zanen gini fayil ɗin DWG, wato irin fayil ɗin AutoCAD, za su turo maka. AutoCAD Electrical da EPLAN na masu haɗa fanel ɗin sarrafa injuna ne, inda ake buƙatar lambar kowace waya. Idan gini ne harkarka, ka jinkirta su.

Umarnin da za ka yi ta amfani da su ba su da yawa: LINE, OFFSET, TRIM, COPY, BLOCK, XREF. Inda sababbi ke tuntuɓe shi ne tsari. Kada ka yi zane a cikin fayil ɗin mai zanen gini. Jawo shi da XREF ya zauna a ƙasa, kai ka ɗora naka a sama, in ya matsar da bango gobe, naka zai nuna canjin da kansa. Fitilu leyarsu (layer, wato shimfiɗar zane) daban, soket daban, bututun waya daban, ƙararrawar gobara daban.

Zana komai da girmansa na gaskiya a milimita, sai wajen shirya takarda ka sa sikeli, 1:50 ko 1:100. Rubutun da kake so ya fito milimita 2.5 a takarda, a sikelin 1:100 tsayinsa 250 ne a cikin zanen. Kafin ka taɓa komai, auna faɗin ƙofa ɗaya a fayil ɗin da aka turo. Idan ka ga 0.9 maimakon 900, da mita aka zana, ka gyara tun kafin soket ɗinka ya fi ɗakin girma. Kowace alama kuma ka mai da ita bulok (BLOCK, wato siffa guda da ake maimaitawa), don kwamfuta ta ƙirga maka kaya da DATAEXTRACTION.

Injiniyan Lissafi:
Malam Mai Zane ya yi gaskiya, amma wanda ya iya jan layi kawai mai kwafe ne. Abin da zai ɗaga ka shi ne lissafi, kuma a nan nake so ka fi ba da ƙarfi.

Ƙa'idar farko: wutar da kaya ke ja kada ta wuce ƙarfin bireka, ƙarfin bireka kuma kada ya wuce abin da waya ke iya ɗauka bayan an rage saboda zafin wuri da cunkoson wayoyi a bututu ɗaya. Ta biyu, raguwar wuta a hanya. A tsarin BS 7671, ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, kashi 3 cikin ɗari ne iyakar fitilu, kashi 5 na sauran kaya, wato 11.5V a layin 230V. Waya mai 2.5mm² tana zubar da 18mV a kowace amfiya a kowace mita. Ka ja 20A a mita 30, ka rasa 10.8V, ka tsira da ƙyar. A mita 40 ya zama 14.4V, ya faɗi. Sai ka hau 4mm², mai 11mV, ka samu 8.8V. A fili ka san waya mai nisa tana son kauri. A ofis sai ka nuna hakan da alƙaluma.

Koyi zanen layi ɗaya, mai nuna tafiyar wuta a taƙaice daga mita zuwa akwatin rarrabawa, da jadawalin lodi mai raba nauyi daidai tsakanin fes uku. Na lissafin hasken fitilu kuwa, manhajar DIALux kyauta ce: a ma'aunin haske, teburin ofis lux 500, baranda lux 100. Alamomi ka bi ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60617, sai dai in aikin Amurka ne, inda dokar NEC ke aiki.

Mai Duba Gini:
Ni ban yarda a daɗe a kan AutoCAD ba. Manyan ayyuka sun koma Revit, inda tiren waya da bututun iska da ginshiƙi duk ke cikin siffa ɗaya, a ga karo tun kafin a zuba kankare. A nan ne ma'aikacin fili ke fin ɗan makaranta: ka san kebul mai kauri ba ya lanƙwasa a kwana mai tsanani, ka san fanel na buƙatar filin buɗe ƙofa. Da hannunka ya faɗa a AutoCAD, ka wuce Revit.

Abin nuna wa masu ɗaukar aiki kuwa, ɗauki gini ɗaya ƙarami ka yi masa cikakken saiti: fitilu, soket, zanen layi ɗaya, jadawalin lodi, jerin kaya.

Mai Wayarin:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To zanen da na yi, ni zan sa masa hannu?

Injiniyan Lissafi:
Amin. A ƙasashe da dama injiniya mai rajista ne kaɗai ke sa hannu da hatimi a zanen da za a kai wa hukuma. Za ka zana, ka yi lissafi, shi ya duba ya ɗauki alhaki. Tambayi hukumar rajistar injiniyoyi ta ƙasarku sharuɗɗanta tun yanzu, kuma ka riƙa ajiye takardar lissafin kowane layi tare da zanensa, don ita zai fara nema.