Ƙurar hunturu na shigowa ta ƙofa da taga: wace roba zan saya?

Uwargida a Kano ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu aikin ƙofa da taga. Ɗaki da falo ne. Ƙofar falo ta ƙarfe ce, tana kallon gabas, ciki take buɗewa. Ta ɗaki kuma ta katako. Tagogi uku ne na alminiyam, masu zugewa. Tun da hunturu ya kama, ko an kulle ko'ina sai a wayi gari ƙura ta kwanta a kan tayil, da asuba kuma sanyi na busowa ta ƙarƙashin ƙofa. A kasuwar Ƙofar Ruwa an nuna min soso mai gam, da baƙar roba, da wani mai gashi kamar burushi. Wanne ake sawa a ina, kuma mita nawa zan saya?

Wani kafinta ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ukun nan kowanne da gurbinsa. Inda ƙyaure yake zuwa ya danna firam, roba ko soso ake sawa. Inda abu yake goga wani yana wucewa, kamar tagar zugewa da ƙasan ƙofa, mai gashin ake sawa. Inda babu motsi sam, kamar tsakanin firam da bango, silikon ko siminti.

Amma kar ki sayi komai sai kin auna ratar. Ki kwaɓa ɗan ƙullin fulawa mai tauri, ki sa a leda, ki manna a bakin firam, ki rufe ƙofa har kuba ta shiga, ki buɗe. Kaurin da ƙullin ya koma shi ne ratar. Ki yi haka a sama, da tsakiya, da ƙasa, ɓangaren kuba da na hinji, domin da wuya ki samu ƙofar da ratarta ta zo ɗaya daga sama har ƙasa. Don gano inda iska take bi, da dare wani ya tsaya waje da tocila yana bin gefen ƙofa, ke kina ciki a duhu. Ko ki kunna turaren tsinke ki bi gefen da shi, inda hayaƙin ya karkace nan ne.

Baƙar robar, ki nemi wadda aka rubuta EPDM a kwalinta, ita ce mai jure rana da ruwa. Da siffar bakinta ake gane ta. Mai siffar E ta ƙaramar rata ce, milimita 2 zuwa 3 da rabi. Mai siffar P, wajen 3 zuwa 5. Mai siffar D tana kaiwa 7. Kamfanoni na ɗan bambanta, sai a duba kwali. Abin da ake so, idan an rufe ƙofa robar ta matsu kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurinta. In ta fi ratar kauri sosai, kuba ba za ta shiga ba sai an sa kafaɗa, a hankali hinji ya saki.

Soso mai gam shi ne mai araha, kuma shi ne mai saurin mutuwa. Mai manyan ramuka irin na katifa yana shan ruwa, yana tara ƙura, ya lotse ya ƙi tashi. A ƙofar ɗaki zai iya kai ki ƙarshen hunturu. A ƙofar waje asarar kuɗi ne.

Ƙofar katakon tana da nata hali. Katako yana tsukewa da hunturu, ya kumbura da damina, don haka ratar da kika auna yau ita ce mafi faɗi a shekara. Kika cike ta taf da roba mai tauri, watan Agusta ƙofar za ta ƙi rufuwa. Ki ɗauki mai rami a ciki, P ko D, mai laushi, ta fi ba da wuri.

Lissafi: ƙofa mai faɗin santimita 90 da tsayi 210 tana cin mita 5.1, gefe biyu da sama. Ki sayi 6 ga kowace ƙofa. Ki lura, wasu a manne biyu suke zuwa sai an tsage su, mita 6 da ke kwali sau da yawa uku-uku ne.

Wajen mannawa, a goge firam da ɗanyen tsumma, ya bushe, a bi shi da sifirit. Gam ba ya kama ƙura, kuma a wannan watan minti kaɗan ya isa ta sake kwanciya, don haka ana gogewa ana mannawa. A fara daga sama, ana ɓare takardar baya kaɗan-kaɗan. Kar a ja robar: in an miƙe ta, bayan kwana biyu za ta koma tsayinta ta bar kusurwa a buɗe. A kusurwa a yanka a haɗa baki, ba a lanƙwasawa. An gama, ki sa takardar kuɗi ki rufe ƙofa a kanta. Ta zare da ɗan ja, aiki ya yi. Ta zame salin-alin, wurin bai kama ba.

Mai haɗa alminiyam ya amsa:

Malam ya gama da ƙofa, bari in ɗauki tagogi. Hajiya, kar a manna soso ko roba a hanyar da taga take zugewa, kwana uku ba za su yi ba sun naɗe. Tagar nan da gashinta aka haɗa ta, yana cikin wani siririn kwari a gefunan kowane ɓari. Ko dai ya cinye, ko mai haɗawa ya yi tsimi bai sa a ko'ina ba.

A ɗaga ɓarin taga sama, a jawo ƙasansa, zai fito. A zare tsohon gashin a yanki ɗan guntu a tafi da shi kasuwa, saboda awo biyu ne: faɗin gindinsa, galibi wajen milimita 5 ko 7, da tsayin gashin. Gindi ya yi ƙanƙanta, zai riƙa zamewa. Gashi ya yi tsayi, taga ta yi nauyin ja. In da hali a ɗauki mai siririyar leda a tsakiyar gashin, shi ne yake tare ƙura da gaske, domin ƙurar hunturu ta fi garin fulawa laushi, tana ratsa gashi zalla. A zura sabo, a ɗan matse bakin kwarin da filaya don kar ya fita.

Ɓari mai 60 da 120 yana cin mita 3.6, taga mai ɓari biyu 7.2, uku kuwa kusan 22. Wasu samfurin kwari biyu gare su, ciki da waje, sai a ninka. Wurin da aka fi mantawa shi ne tsakiya, inda ɓari biyu suke haɗuwa.

A duba tayoyin ƙasa kuma. Idan ɗaya ta cinye, ɓarin zai karkace ya bar rata a sama ko ƙasa, sabon gashi ba zai rufe ta ba.

Ƙananan ramukan da ke ƙasan firam ta waje, don Allah a bar su. Ta nan ruwan sama yake fita. Ana toshe su da hunturu, damina na zuwa ruwa ya cika hanyar ya gangaro bangon ɗaki.

Wani mai walda ya amsa:

Ni inda na ɗan saɓa da Malam kafinta, gam ɗin da ke bayan roba ba abin dogaro ba ne a ƙofar ƙarfen da rana take duka. Da bazara ƙarfen yakan yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, gam ya yi laushi, roba ta zame. A kankare tsatsa da fentin da ya tashi, a shafa gam ɗin masu takalmi siriri a firam, a bari ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a danna robar.

Amma babbar ɓarakar Hajiya ƙasan ƙofa ne, ga shi ƙofar na fuskantar inda iskar take fitowa. Akwai sandar alminiyam mai burushi ko leɓen roba a ƙasa, tsayin santimita 90 ko 100, ana rage ta da zarton ƙarfe. Tunda ciki ƙofar take buɗewa, ta ciki za a ɗaura. Tayil mai santsi kuma daidai, leɓen roba ya fi tare iska. Daɓen da ke da tudu da kwari, burushi. Kafin a huda, a buɗe ƙofar har ƙarshe a ga ko ƙasa tana tashi a wani wuri, in ba haka ba za ta cije a rabin hanya. A ɗaura da sukuru a ramukan sandar masu tsayi, ba ribit ba, don a iya saukar da ita idan ta ci. Taɓa ƙasa kawai ake so, ba shara ba.

Rata ta wuce santimita 2, magini za a kira ya ɗaga dokin ƙofa tukuna.

Uwargida a Kano ta sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri. Na haska, na ga har tsakanin firam ɗin taga da bango haske na shigowa. Kowane silikon zai yi? Sannan tagar kicin ma a toshe?

Mai haɗa alminiyam ya amsa:

Ba kowanne ba. Mai warin tsami yana da asid, ba ya kama siminti da kyau, yana kuma sa ƙarfe tsatsa. A ce wa mai shago wanda ba shi da asid ake so. Fenti ba ya hawa silikon, in za a yi fenti ta ciki a sa akirilik. Tsagar da ta fi santimita ɗaya a fara cusa mata soso ko a cike da siminti, silikon ya zama na rufe baki kawai.

Kicin kuwa a bar masa hanyar iska, haka duk ɗakin da ake shiga da kaskon gawayi don jin ɗumi. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci, ko bayan hayaƙi ya ɗauke. Ɗakin da aka toshe ratarsa, kasko ba ya kwana a ciki, janareta kuma a nisanta shi da taga. Tagar kicin ki sa mata raga, ki bar ɓari ɗaya a zuge duk lokacin da wuta take kunne.