Injin Hilux ɗin Baban Ummi: ya buga ko bai buga ba?

Baban Ummi: Jama'a ku taya ni jin wannan zalunci. Sati biyu kacal da na kai Hilux ɗina gareji aka juye mata baƙin mai. Jiya na ɗauko masara buhu 15 daga Dawanau, ina cikin cunkoson Kurna da tsakar rana allurar zafi ta haye ja. Na tsaya, na buɗe lagireto na ɗura mata ruwan leda shida masu sanyi. Ban yi nisa ba sai farin hayaƙi ta salansa, ta mutu. Inji ya buga! Bakaniken nan ya gama da ni, Allah ya isa.

Oga Mai Sifana: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma wa ya ce maka ya buga? Ka ji ƙara kwas-kwas daga ƙasan injin?

Baban Ummi: Ban ji ba. Amma na zaro sandar duba mai, man ya koma kamar shayi da madara.

Oga Mai Sifana: To wannan gaskit ne, shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Bugawa daban: baƙin mai ne yake yankewa, mital ɗin da karanshaf ke juyawa a kai ya cinye, karanshaf ya ji ciwo. Naka a cire kan injin a kai a duba ko ya lanƙwashe, a sa sabon gaskit, a wanke man.

Direban Kwanar Dawaki: Oga ka daina mana turancin gareji. Injin da ya tsaya a titi aka jawo shi da igiya ai ya buga.

Oga Mai Sifana: Kenan ranar da manka ya ƙare a hanyar Zariya injinka bugawa ya yi?

Direban Kwanar Dawaki: Wannan maganar ta wuce, kar ka tayar min da ita. Gejin ne ya lalace.

Malam Na Fagge: A Hausa dai "buga" na da faɗi. Ana buga ƙwallo, ana buga waya, ana buga jarida.

Yaron Oga: Malam, wannan ba aji ba ne.

Malam Na Fagge: Kai yaushe aka yaye ka da za ka sa baki manya na magana?

Ɗan Kofar Ruwa: Ni tambayata ɗaya. An cire mata tamostat, abin nan mai daidaita zafin ruwan inji? Duk motar da ta shigo Kano da shi a zafin Afrilu wahala za ta sha.

Oga Mai Sifana: Wannan camfin ne yake kashe injuna. Tamostat mai lafiya buɗewa yake da ruwa ya yi zafi, sai in ya maƙale yake jawo matsala. A cire shi inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya yi ta shan mai.

Ɗan Kofar Ruwa: Shekara ashirin ina sayar da kayan mota, kai za ka koya min?

Oga Mai Sifana: Sayarwa kake, ni nake kwanciya a ƙarƙashinta.

Hajiyar Kantin Kwari: Ba wanda zai yi maganar buhu 15? Tan ɗaya da rabi fa kenan, a motar da aka yi don kamar tan ɗaya. Sannan ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi, Alhaji, ko tukunya aka yi wa haka sai ta tsage.

Baban Ummi: Hajiya, shekara uku ina ɗora mata haka. Ni bakanike nake ƙara, kun koma kaina.

Ɗan Kofar Ruwa: A matsayina na admin na rufe zancen. Abin da kowa ya yarda da shi: injin ya buga, laifin masu gyara ne, kuma gyaransa asarar kuɗi ce. Alhaji ka leƙo shago gobe bayan Azahar, akwai inji ɗan Baljiyam mai tsabta.

Oga Mai Sifana: Wane kowa?