Tikiti ko ƙafa: wanne ke kai mutum kujerar kansila a Sakkwato?

Na-Gagi: Salamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakana: duk mai neman kansila ko shugaban ƙaramar hukuma a jihar nan da ya ce zai bi gida-gida, takalminsa kawai zai cinye. A 2021 PDP ke da gwamnati, ta kwashe kujerun shugabanni 23. A Satumban 2024 APC ke da gwamnati, ta kwashe 23 ɗin da mazaɓu 244. Hukumar zaɓen ta jiha ce, gwamna ke naɗa ta. Tsarin mulki kuma bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba. To me ya rage? Nemi tikitin jam'iyya mai mulki, ka je ka kwanta.

Tsohon Sakataren Mazaɓa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, lissafinka daidai ne, amma ka tsallake tambaya ɗaya: wa ake ba tikitin? A mazaɓa guda sai ka iske mutum shida suna so, duk 'yan jam'iyya ɗaya, kowa da ubangidansa. Ranar da manya suka zauna maslaha, abin da suke tambaya shi ne wa zai riƙe musu rumfunan nan a zaɓen gwamna. Tazarar zaɓen gwamna na 2023 ba ta kai ƙuri'a 50,000 ba, a jihar da ke da rumfunan zaɓe 3,991. Raba ka gani, ƙuri'a goma sha 'yan kai ce a kowace rumfa. Wanda ya zo da littafi, rumfa-rumfa, da sunayen mutanensa da lambobin wayarsu, ba a tura shi gefe da sauƙi. Ko an hana shi tikitin, sai an lallashe shi da wani abu.

Na-Gagi: Baba, littafi kowa na iya rubutawa. Sai a kwafo sunaye daga rajista a ce magoya baya ne.

Tsohon Sakataren Mazaɓa: Shi ya sa ake gwada shi. A ce gobe bayan la'asar kawo mana mutanen rumfa kaza, ba mota, ba kuɗin mai. Na kwafe ba ya wuce wannan.

Ga yadda ake haɗa na gaskiya. Mazaɓa a jihar nan, in ka yi matsakaici, rumfa 16 ce. Kowace rumfa a sa mata mutum huɗu da ke zaɓe a nan ɗin: maza biyu, mata biyu. Mutum 64 ke nan. A samo rajistar rumfar, su zauna su bi ta suna-suna: wane ya rasu, wane ya tafi cin rani Legas, wance ta yi aure a Kware, wane bai karɓi katinsa ba. Sauran a kasa su uku: namu, nasu, da waɗanda ba su tsaya ba. Kashi na uku ake kashe wa ƙafa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗan takara ya dinga komawa majalisar da ake masa kirari, alhali ƙuri'arsu tana aljihunsa tun tuni.

Hajiya Uwar Ƙungiya: Malam, ka faɗi mata biyu ka wuce kamar ƙaramin abu ne. Ɗan takara namiji iyakarsa zaure. Ya gaisa da maigida, ya fito yana murna gidan nasa ne, bai san akwai kati biyar a ciki da ba wanda ya yi wa masu su magana ba. Kuma ba kowace mace ake turawa ba. A nemi wadda ake buɗe wa ƙofa dama can: ungozoma, malamar Islamiyya, uwar adashi, dillaliya. Lokacin shiga tsakanin azahar da la'asar, an sauke tukunya. Tambayar farko ba "wa za ki zaɓa" ba ce, "ina katinki" ce, don sau da yawa yana hannun maigida ko ya ɓata a kayan ɗaki. Mai sabon aure da ta sauya unguwa, INEC ke mayar mata da rumfa, ba hukumar jiha ba, kuma ana rufe rajista tun da sauran lokaci. In aka bari sai saura mako biyu, an yi asarar ta.

Na-Gagi: Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma matan nan ba atamfa da sabulu suke jira ba?

Hajiya Uwar Ƙungiya: Suna karɓa daga hannun kowa, ɗana, shi ya sa ba ya rarrabe komai. Kuma laifi ne a doka. Abin da ake tunawa shi ne wanda ya zo gaisuwar mutuwa ya zauna a tabarma, da wanda ya gyara famfon tuƙa-tuƙa ba tare da ya rubuta sunansa a jiki ba.

Malamin Illela: Ku duka maganar birni kuke. A ƙauye kalanda ke mulki. Da damina ba ka samun kowa a gida kafin azahar, da rani masu albasa suna fadama. Wurin kama mutane kasuwa ce, kamar ta Illela ranar Lahadi, sai ɗaurin aure da suna. Kafin ka tara ko mutum goma, fara gaida hakimi da mai unguwa da liman. Ba za su yi maka kamfe ba, sarauta ba ta shiga jam'iyya a fili, amma in suka ji labarin taronka daga bakin wani ka gama yawo. A gabas kuwa, Isa da Sabon Birni da Rabah, akwai garuruwan da mutanensu suka watse saboda 'yan bindiga. Rajistar tana cewa suna nan, su kuwa suna gudun hijira a wani gari. Can sai dai saƙon murya na WhatsApp da bin su inda suka sauka, kuma ba a tafiyar dare.

Na-Gagi: Na ji. Amma ranar zaɓe in an rubuta sakamako a wani ɗaki fa?

Tsohon Sakataren Mazaɓa: A nan ba ni da gardama mai ƙarfi da kai, yana iya faruwa. Abin da ke hannunka shi ne ejan, wato wakilan jam'iyyarka a rumfunan zaɓe. A miƙa sunayensu da hotunansu cikin wa'adin hukuma, in ba haka ba ɗan sanda zai kore su. Ya zama mai karatu, ɗan rumfar, wayarsa cike da caji. A kai masa abinci da ruwa inda yake, don wanda ya tashi cin tuwo da azahar shi ake ƙirga ƙuri'a a bayansa. Kada ya bar wurin sai ya karɓi kwafin takardar sakamako mai sa hannu ya ɗauki hotonta. Kotun ƙararrakin zaɓe takarda take karɓa, ba "kowa ya gani" ba. A ajiye 'yan kabu-kabu biyu su raka akwati har wurin tattara sakamako, don a hanyar nan alƙaluma suka fi sauya kama.

Malamin Illela: Kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, da ya ce a tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuma a daina kantomomi, masu son kujerar sun ƙaru. Maslaha za ta ƙara tsauri.

Na-Gagi: Hukunci daban, aiwatarwa daban, Malam. Na yarda littafin Baba na da amfani wajen cinikin tikiti. Amma ɗan adawa da ya haɗa mutum 64 ɗin nan, wa zai ciyar da su wata shida, bayan ya san ba za a ba shi ba?

Hajiya Uwar Ƙungiya: Wanda ba ya iya riƙe 64, ya ɗauki rumfa biyar da ya fi ƙarfi, mutum 20, ya tabbata takardun sakamakonsu sun shigo hannunsa.