A taimaka: me za mu kira palliative care da Hausa?

Mai Gabatarwa: Jama'a, Asabar ta biyu ta watan Oktoba ce ranar palliative care ta duniya, wato kulawar da ake ba mai ciwo mai tsanani don a rage masa wahala, kuma ni ce da shirin rediyo. Na rubuta "jinyar ƙarshe", edita ya dawo min da takardata.

Malamar Jinya: Da gaskiyarsa, ƙanwata. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da wuri ake fara ta, ko ana kan maganin cutar. Mai ciwon daji kan daɗe ana ba shi mofin, wato maganin kashe zafin ciwo, ana zama da iyalinsa ana gaya musu halin da ake ciki. Kika ce "ƙarshe", ji zai yi an sallame shi. Ni "jinyar sassauci" nake cewa.

Baban Nahawu: A koma tushe. Likita Balfour Mount ne ya raɗa sunan a Kanada a shekarun 1970, asalinsa kuwa pallium na Latin, wato mayafi. Saboda haka "jinyar lulluɓi". Ta zauna daram.

Ɗan Fassara: Haba Malam, lulluɓi? Gawa mai sauraro zai hango.

Baban Nahawu: To ba mutuwar kuke gudun ambata ba? Kun ƙi "ƙarshe", kun ƙi "lulluɓi". "Sassauci" kuma ai a kotu ake roƙonsa. Tun ba a haife ka ba nake koyar da nahawu, yaro.

Ɗan Fassara: Allah ya huci zuciyar Malam, amma majinyaci ba jarrabawa ya zo ba.

Malamar Jinya: Malam, ba gudu muke ba. Mu ne muke riƙe hannun mai gargara, mu ne muke kiran dangi da tsakar dare. Likita Cicely Saunders da ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali a Landan a 1967 cewa ta yi ciwon ba na jiki kaɗai ba ne, har da tsoro da damuwar waɗanda za a bari. Wannan ba lulluɓe shi ake yi ba, buɗe shi ake yi a yi magana.

Ɗan Fassara: "Jinyar rage raɗaɗi" fa?

Malamar Jinya: Ta fi karkata ga allura, amma da dama.

Mai Gabatarwa: Zan ce "jinyar sassauci" in bi ta da jimla ɗaya ta bayani. Kwanakin gargara kuwa zan kira su da sunansu.

Baban Nahawu: Ki yi yadda kika ga dama, Hajiya. A aji dai "lulluɓi" zan rubuta a allo. Gidan da ake kwantar da su kuma, wa ya sa masa suna?