Neman shawara: binciken makamashi aka yi mana ko tallar kaya?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina kula da wata matsakaiciyar masana'antar roba, zauren injuna a ƙasa, ofisoshi a sama. Muna da kwamfaresa, wato injin matsa iska, mai kW 37, injin sanyaya ruwa, famfuna huɗu da janareta mai kVA 500. Kuɗin wuta sai hawa yake, alhali kayan da muke fitarwa ba su ƙaru ba. Wani kamfani ya zo ya zagaya na awa biyu da sunan bincike kyauta, ya kawo rahoton shafi uku: a sa kafasita, a mayar da fitilu LED, a kafa sola. Ko mita ɗaya ba su maƙala ba. Haka ake yi? Me zan nema daga mai bincike na ƙwarai?

Injiniyan lantarki:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sa hannu tukuna. Wanda bai auna ba, abin da ke shagonsa zai rubuta maka.

Ƙungiyar ASHRAE ta Amurka ta kasa wannan bincike mataki uku. Na farko zagaye ne da duba takardun kuɗin wuta. Na biyu shi ne ake aunawa, a rarraba wutar gida-gida, a ba kowace shawara lissafinta. Na uku na aiki ne mai cin jari mai yawa. Akwai kuma ma'aunin ISO 50002 da ya tsara yadda ake gudanar da shi. Naka ko na farko bai cika ba, kuma na biyu ne ya dace da kai.

Ka fara tattaro takardun wuta na aƙalla wata 12, in da hali 24, da litattafan man janareta, da nauyin kayan da aka sarrafa kowane wata. Raba kWh, wato yunit ɗin wutar da aka sha, da tan na kaya. In adadin nan yana hawa, ɓarna ce a cikin gida. In yana nan daram amma kuɗi na ƙaruwa, matsalar tana cikin tsarin cajin da ake yi maka, kuma maganinta daban.

Sannan a maƙala na'urar naɗar bayanai a babban allon wuta, ta yi mako ɗaya zuwa biyu, da ranakun hutu a ciki, tana rubuta kW, kVA, bolt da amfiya na kowane layi duk minti 15. Wurin da na fi so a fara dubawa shi ne ƙarfe biyun dare, lokacin da aka tashi aiki. In ginin da ke jan kW 200 da rana yana jan 45 ba kowa a ciki, to ga inda kuɗinka ke tafiya: kwamfaresa da aka bari kunne, hitocin injin roba, na'urorin sanyaya ofis. Wannan makunni ne maganinsa, ba sayayya ba.

Batun kafasita kuwa, a nan aka fi yi wa mutane rufa-ido. Kafasita ba ta rage kWh sai ɗan abin da ke ɓacewa a matsayin zafi cikin wayoyi. Abin da take gyarawa shi ne fawa fakta, wato kW, wutar da ke yin aikin, a raba da kVA, wadda ake ja daga layi. Misali, kW 200 a kan 0.75 yana jan kVA 267. A kai shi 0.95, ya sauko 211, kuma hakan na buƙatar kafasita mai girman kusan kVAr 110. Saboda haka duba takardarka: ana cajinka kan kVA mafi girma, ko ana cin ka tara kan fawa fakta? In eh, za ta biya kanta. In kWh kaɗai ake lissafa maka, ribar ba ta taka kara ta karya ba, sai dai sauƙin da tiransifoma zai samu.

Makanikin kwamfaresa:
Injiniya ya gama magana kan wuta, bari in shiga wajen iska, don rahoton da bai ambaci kwamfaresa a masana'antar roba ba, ban san me ya duba ba. A inda ba a kula, yoyo kan cinye kashi 20 zuwa 30 na iskar da ake matsawa.

Gwajin ba ya buƙatar komai sai agogo. Ranar da ba aiki, a kashe duk injin da ke shan iska, a bar bawul ɗin layuka a buɗe, a kunna kwamfaresa. Rubuta tsawon lokacin da yake ɗaukar lodi da wanda yake sauke shi, zagaye takwas zuwa goma. In yana lodi daƙiƙa 30 yana hutawa 90, 30 a raba da 120, kashi 25 ke nan na tafiya a banza. Huda mai faɗin milimita 3 a matsin bar 6 tana zubar da kusan lita 10 a daƙiƙa, kusan kW 3 ke nan. In injin ba ya hutawa dare da rana, huda ɗaya ta haura kWh 26,000 a shekara.

Inda za ka same su: mahaɗar tiyo, kan bindigar iska, filta, da magudanar ruwan ƙasan tanki da wani ya bari a ɗan buɗe don kada ya riƙa zuwa yana tsiyayewa. Kumfar sabulu ta isa ta tona manya, ƙananan sai da na'urar sauraron yoyo. A rataya wa kowanne alama mai lamba, in ba haka ba a gano a manta.

Bayan an toshe, a sauke matsi. Duk bar 1 da aka rage yana sauke kusan kashi 7 na wutar kwamfaresa. Sau da yawa an ɗaga shi zuwa bar 8 ne saboda inji ɗaya can ƙarshen layi yana kukan rashin iska, alhali laifin na toshewar filta ne ko siririn bututu. A rage da kaɗan-kaɗan, bar 0.2 kowane lokaci, ana duban injin da ya fi nisa.

Mai aikin famfuna da fankoki:
Ranka ya daɗe, je ka duba bawul ɗin da ke bakin fitar famfunan nan. In ka tarar an shaƙe shi rabi don rage ruwa, kamar mai taka totur da birki ne lokaci guda. Nan inbata mai sarrafa gudu, wato VFD, ke da amfani: wutar da famfo ko fanka ke ci tana bin gudu ne ninki uku, 0.8 sau 0.8 sau 0.8, don haka rage gudu da kashi 20 na iya sauke wuta kusan rabi.

Injiniyan lantarki:
Haka ne, amma da sharaɗi. Lissafin nan na famfon da ke zagaya ruwa ne a rufaffen layi. Wanda ke tura ruwa sama cikin tanki, in ka rage masa gudu da yawa ruwan ba zai kai ba, sai ya yi ta juyi yana zafi. Kuma VFD na jirkita tsarin wutar layi, abin da ake kira hamonik, shi kuwa yana kumbura kafasita har ta fashe. In za a haɗa su a gida ɗaya, a auna hamonik tukuna, a sayi kafasita mai riyakta, wato abin da ke kare ta daga hamonik. Ba na jin masu rahoton shafi uku sun yi wannan tunani.

Mai gyaran injin sanyi:
Nawa gajere ne. A wanke kwandensa, wato sashen injin da ke fitar da zafi waje, a auna zafin ruwan shiga da na fita, a duba rufin bututun ruwan sanyi. Duk inda ka ga yana gumi, sanyi ne ke tsiyaya. A tambayi masu injin roba ainihin sanyin da suke buƙata, don digiri 1 da aka ɗaga zafin ruwan kan rage kusan kashi 2 na wutar injin. LED kuwa ba laifi, doguwar fitila mai wat 36 da tsohon cok tana cin sama da 40, ta LED kusan 18. Sai dai a irin masana'antarka fitilu ƙaramin kaso ne, kada su ɗauke maka hankali.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura biyu: janareta da sola fa? Kuma me zan ce lallai ya fito a rahoto?

Injiniyan lantarki:
Janareta mai kVA 500 kusan kW 400 ke nan. A sa masa mitar kWh, a riƙa rubuta man da ya sha. Mai lafiya a lodin kashi 70 zuwa 80 yana ba da kWh 3 zuwa 3.5 a kowace lita. In yana yawan aiki ƙasa da kashi 30, man ba ya ƙonewa sarai, za ka ga baƙin maiƙo na ɗiga daga salansa. Idan lodin dare ne ke jawo haka, ƙaramin janareta na dare ya fi. A kuma tsara yadda kafasita za ta fita daga layi in janareta na ɗauke da ƙaramin lodi, don tana rikita masa bolt.

Sola ta zo ƙarshe. In ka auna girmanta kafin toshe ɓarna, faifan da za su ciyar da yoyo za ka saya.

A rahoto, ka nemi jadawalin da ya nuna kason kowane sashe, jimillarsa ta yi kusa da abin da ke takardar wuta. Kowace shawara ta zo da kWh da za ta rage a shekara, awannin aikin da aka yi lissafi da su, kuɗin aiwatarwa, da shekarun da za ta mayar da kuɗinta. A ware waɗanda ba sa cin ko sisi daga masu neman jari. A rubuta yadda za a tabbatar da ragin bayan an gama, da wace mita, a kan wane watan za a gwada. Ka karɓi ɗanyen bayanan na'urar naɗar ma, naka ne. In kuma mai binciken yana sayar da kaya, a raba kwangilar gida biyu, a biya shi kuɗin bincike daban, sayayya kuma ka nemi farashi daga wasu.