Doki a matsayin magani: shawarwarin iyaye da masu dawaki a Sakkwato

Baki ya zo ɗaya kan cewa dokin hawan sallah da ya saba da sukuwa bai dace da aikin jinyar marasa lafiya ta hanyar hawan doki ba. A nemi doki mai sanyin hali, domin takunsa a hankali ne ke motsa ƙugun mahayi kamar yana tafiya da ƙafarsa, yana ƙarfafa bayan yaro mai shanyewar gaɓoɓi. Mutum ɗaya ya riƙe linzami, biyu su bi gefe, mahayi da hular kwano. A fito da sassafe ko bayan la'asar saboda zafin Sakkwato. Mai farfaɗiya da tsoho mai raunin ƙashi su fara ganin likita. A ganina nan babu sassauci. Mai jin tsoro kuwa ya fara da shafa wuyan dokin, ya miƙa masa harawa.